Buhun Yashi a Kujerar Dama

TEGAN: Yaya Bronwyn, in mace ta tambayi mijin wata, "Wace ce wannan mai kilo hamsin da biyar da za ka zaunar kusa da kai?" shi kuma ya yi dariya ya ce, "Ai kin san ta," me hakan ke nufi?

BRONWYN: Halo? Tegan? Haba yarinya, ko gaisuwa babu sai ki jefo min lissafi?

TEGAN: Yi haƙuri. Ina wuni?

BRONWYN: Lafiya lau. Ya daji? Ya shanu?

TEGAN: Suna nan. Ya yara? Ya gwiwar Mama?

BRONWYN: Da sauƙi, jiya har kanti ta taka. Kun samu ruwa kuwa? Mu nan Longreach ko ɗigo.

TEGAN: Yayyafi kawai, shekaranjiya.

BRONWYN: Ya Darcy angonki? Yana nan da jirginsa da ba ya tashi?

TEGAN: Yana nan.

BRONWYN: Me? Ɗaga murya, iska nake ji kawai. Kina ina ne?

TEGAN: A saman tankin ruwa. Nan kaɗai waya ke kamawa.

BRONWYN: Ke da ko kan kujera ba kya iya tsayawa? To lallai akwai magana. Wace mace ce ta yi tambayar?

TEGAN: Renae.

BRONWYN: Wa?

TEGAN: Renae, makanikiyar nan ta Winton, mai kora shanu da jirgi. Siririyar nan mai gajeren gashi.

BRONWYN: Oho, mai baƙin mai a farce. Me ya kawo ta gidanku?

TEGAN: Inji. Kin san jirgin ya gama haɗuwa a rumfa, fukafukai, ƙafafu, kujeru biyu, komai da komai. Inji kawai ya rage. Guda biyu ne Darcy ke ta juyawa a ransa. Akwai na jirgi na asali, marar nauyi, iska ce ke sanyaya shi, sai dai a yo odarsa a jira wata biyar. Akwai kuma injin mota da Renae ta juya ya zama na jirgi, yana shagonta a ajiye.

BRONWYN: Injin mota a sama? In ya tsaya sai a fito a tura?

TEGAN: Yaya, ba wasa nake ba.

BRONWYN: Na yi shiru. Ci gaba.

TEGAN: Ta ce nata ya fi ƙarfi, yana shan man da muke zuba wa mota, kuma duk makanikin ƙauye ya san cikinsa. Amma da lagireto da ruwansa, ya fi ɗayan nauyi da kilo ashirin. In shi aka zaɓa, ita za ta ɗaura shi. Wata uku za ta yi tana zuwa nan, tana kwana a ɗakin baƙi.

BRONWYN: Ashe nan gizo... a'a, ashe nan maganar take.

TEGAN: Ba ki ji komai ba tukuna. Yau da hantsi na kai musu shayi da biskit. Na tsaya a bakin rumfa ina kore ƙuda, ba su gan ni ba. Darcy ya cika bango da alli, nauyin mai, nauyinsa, nauyin kaya. Ya ɗora buhun yashi a kujerar dama, ya ɗaure shi da bel kamar mutum. Ita kuma ta bubbuga buhun ta yi tambayar nan. Ya ce ai ta san ta. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe fiffike.

BRONWYN: Ke kuma kika yi me?

TEGAN: Na koma kicin da tiren.

BRONWYN: Kai, Tegan! Da ni ce, a kanta zan juye shayin.

TEGAN: Da suka fita duba titin jirgi, sai na sauke buhun a baro na kai sikelin maruƙa. Hamsin da biyar cif. Ni ma na hau.

BRONWYN: Kika hau sikelin maruƙa?

TEGAN: Saba'in da biyu.

BRONWYN: Nawa? Layin ya...

TEGAN: Saba'in da biyu! Sai kin sa karnuka sun ji?

BRONWYN: To ai lafiya ce. Duk gidanmu haka muke, ƙashin Baba ne.

TEGAN: Ba ki gane ba. Titinmu gajere ne, ga itatuwa a ƙarshensa. Da rana in zafi ya yi, jirgi ba ya son barin ƙasa. Na ji Darcy da bakinsa ya ce da injin motar, shi da mai da mutum mai hamsin da biyar ne iyakar abin da zai haye itatuwan. Ko kare ba za a ƙara ba. Yaya, jirgin nan don ni ya ce yana ƙera shi. Ya ce in damina ta datse hanya sati shida, ba zan sake zama ina kallon bango ba, zai kai ni wurin Mama cikin awa biyu. Shekara biyu ina riƙe masa ƙarfe yana buga ƙusa. Ni na ɗinke rigar kujerar nan da hannuna. Ashe wata nake ɗinka wa.

BRONWYN: Ita Renae ɗin nawa take?

TEGAN: Ki dube ta mana. Iska mai ƙarfi sai ta tafi da ita. Kuma in suna magana, wani yare suke yi. Ta ce zafin kan inji, ya ce juyin farfela, su yi ta gyaɗa wa juna kai. Ni in na shigo sai a ce, "Sannu Teg, ajiye a can." Rannan hularta ta bari a motarsa.

BRONWYN: Hula ba mutum ba ce. Tsaya. Hamsin da biyar kika ce?

TEGAN: Eh.

BRONWYN: Hamsin da biyar... Tegan! Tseren raƙuma na Boulia!

TEGAN: Me ya kawo raƙuma?

BRONWYN: Shekarar da ya fara nemanki. Ba ya biya muku yawon minti goma a jirgi ba? Matuƙin ya tsaya da takarda yana tambayar nauyin kowa da ƙarfi, ga 'yan'uwan Darcy a jingine da shinge suna shan giya suna kallo. Da aka zo kanki me kika ce?

TEGAN: Ban tuna ba.

BRONWYN: Ƙarya kike! Ina bayanki. Kika sunkuyar da kai kika ce hamsin da biyar, na kusa shaƙewa da tsiren bakina. Matuƙin ya dube ki ya rubuta abin da ya ga dama. Shi kuwa gogan naki ya ciro biro ya rubuta a bayan hannunsa.

TEGAN: Ya rubuta?

BRONWYN: Da idona na gani. Halo? Kin faɗo ne?

TEGAN: Ina nan.

BRONWYN: Ke ce buhun, sokuwa! Tun da safe kike kishi da kanki.

TEGAN: Wayyo Allah. Shi ya sa ta yi dariya. Ta dube ni ta dubi buhun.

BRONWYN: Ta yi ta dariyarta. Mijinki ya riƙe maganarki shekara uku kamar lambar waya.

TEGAN: A'a. Tsaya, Yaya. Darcy fa daga kan doki yake kallon bijimi ya faɗi nauyinsa, in ya kuskure da kilo biyar ne. A kasuwar shanu har caca ake yi da shi. Mutumin da ya ɗauke ni ya haye rafi da ni bara, shi ne bai san ban kai... bai san na wuce hamsin da biyar ba?

BRONWYN: Wataƙila ba ya son ya ƙaryata ki ne.

TEGAN: A kan jirgi? Mutumin da ke auna kwalbar ruwa kafin ya sa ta a lissafi? In ya sani kuma ya bar buhun haka, to ba tawa ba ce kujerar. Ya samu lambar da ta yi daidai da mu biyu, ya fake da ita.

BRONWYN: Ke dai kin fi son ki sha wahala. Ki je ki same shi yanzu ki ce, "Darcy, ƙarya na yi a Boulia, ga gaskiya." Shi ke nan. Wannan ba maganar kunya ba ce, maganar itatuwa ce a ƙarshen titi. So kike ku rataye a reshe ku biyu?

TEGAN: Ba zan iya ba. In na faɗa da baki, dole ya ce don ni ne, ko da ba haka ba ne. Me zan gane?

BRONWYN: To ni zan kira shi.

TEGAN: Kar ki soma!

BRONWYN: Yaushe za a yanke maganar injin?

TEGAN: Asabar. Tsoho Merv mai duba jirage zai zo da sikeli uku, a ɗora jirgin a kai, ƙafa ɗaya sikeli ɗaya, da buhun a kujera. Abin da ya fito shi za a bi. Renae ma za ta zo.

BRONWYN: Kwana uku ke nan. Me kike jira?

TEGAN: Yaya, buhun nan bai cika ba. Akwai sauran wuri a bakinsa.

BRONWYN: To?

TEGAN: Ga yashi nan a bayan rumfa, ga shebur. Kilo goma sha bakwai, bokiti ɗaya da ɗan ƙari ne.

BRONWYN: Tegan, me kike...

TEGAN: Jirgin ba inji, ba inda zai je, ba wanda zai ji ciwo. Merv zai ga lissafi bai hau ba, su sauke buhun su auna. Saba'in da biyu. Darcy ba wawa ba ne, ya san ba aljani ne ya ƙara ba. In ya mayar da buhun da saba'in da biyunsa ya ɗaure bel, injin mota ya fita daga lissafi, ita ma ta koma Winton da hularta. Na jira wata biyar ɗin, ba komai.

BRONWYN: In kuma ya kwance ya zubar da yashin?

TEGAN: To na ji amsata. Ina bakin rumfa da tire, zan gani.

BRONWYN: Kai! Ke da ake cewa ba kya magana. Bari Mama ta ji wannan.

TEGAN: Ba Mama, ba mijinki, ba kowa. Ni ba wanda zan gaya wa, shi ma ba zan ce masa uffan ba. Ke ma ba ki ji ba.

BRONWYN: Haba, ko ɗan...

TEGAN: Ga ƙurar motar su Darcy can sun nufi rijiyar arewa, awa guda nake da ita. Bari in sauka.

BRONWYN: Ki riƙe tsanin da kyau, saba'in da biyu ba wasa... Halo? Tegan? Halo?