Kwana Huɗu da Ambulan ɗin Luka a Akwatina

Fasto, iyayenmu, 'yan'uwa matasa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Ishaya. Kun san ni da hular kwano da akwati a bayan babur, ina kai saƙonni tsakanin Kankara, Faskari da Sabuwa. Abin da ba ku sani ba shi ne ciwon da na yi ta jinya a ɓoye. Ba zazzaɓi ba ne, hassada ce.

Kowa da abin da ya kai shi wannan aiki. Wani babur ɗin ya hango, wani aure yake son yi. Ni karatu ne ya kai ni. Duk shekara kamfanin kai saƙon da nake wa aiki kan ɗauki nauyin karatun ma'aikaci ɗaya a reshenmu, ya riƙa zuwa makaranta ƙarshen mako. Saboda wannan kawai na jure rana da ruwan sama, da fargabar hanyar nan da kuka sani.

Luka ɗan kawuna kuwa, ni na kawo shi. Ni na koya masa yadda ake gano gida a ƙauye, ba lamba ba sunan titi, sai dai "bayan injin niƙa, ka tambayi gidan mai shanu." Shi abin da zai ciyar da mahaifiyarsa yake nema, boko bai ma dame shi ba.

Ranar da manajanmu, Malam Sani, zai faɗi wanda aka zaɓa, har na fara gyara zama don in miƙe. Sai na ji ya ce, "Luka."

'Yan'uwa, na tafa masa! Har rungume shi na yi. Amma zuciyata ta yi baƙi ƙirin. In ya yi dariya, sai in ce da ni yake. In ya ɗauki waƙa a majami'ar nan, sai in tsuke bakina. Tuwon gidansu da nake suɗe kwano, na ce ya cika kanwa.

Makarantar ta ce ya kawo ainihin takardarsa ta sakandare kafin Juma'a ta wuce, in ba haka ba gurbin ya tafi. Takardar tana Zariya wurin yayarsa, sai ta aiko ta kamfaninmu. Ranar Litinin ta iso, Luka ya tafi Sabuwa, aka haɗa ta cikin kayana tun da unguwarmu ɗaya. Na ga sunansa a kan ambulan. Na tura shi can ƙasan akwati, ƙarƙashin rigar ruwa.

Da Luka ya dawo, ya tare ni ya ce, "Yaya Ishaya, ba ka ga saƙona ba?"

Na ce, "Wane saƙo? Hala yana hanya." Ko idona bai ƙifta ba.

Ranar Alhamis na kai wa wani dattijo magani a Yankara, ɗansa ne ya aiko daga birni. Baba ya dangwala yatsa a takarda, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka san mi kake ɗauke da shi? Amanar mutane ce. Ban san ka ba, amma tun jiya kai nike jira. Allah shi yi maka albarka."

Yana sa mani albarka, ɗaya hannun nawa yana kan akwatin nan.

Ban yi nisa ba na tsaya gindin wata ɗorawa, na durƙusa a bakin gona. Na ce, "Yesu, abin nan ya fi ƙarfina. Ka cire mani shi, kada ya kashe ni." Na yi kuka kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ban ji wata murya ba. Na dai tashi na ji ƙirjina sakayau, ina son ganin Luka. Halleluya!

Na same shi yana wanke babur. Na miƙa masa ambulan, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Na sani, yaya. Tun Talata Malam Sani ya duba waya, ya ga da sunanka aka fitar da shi. Ya ce korar ka zai yi. Na roƙe shi ya dakata. Na ce masa yayana bai taɓa ɓatar da saƙon kowa ba, zai kawo."

Na ce, "Da ban kawo ba fa?"

Ya ce, "Sai in jira baɗi. Makaranta tana nan, Yaya Ishaya kuwa ɗaya gare ni."

Jama'a, kwana huɗu ina haƙa wa mutum rami, shi kuwa yana tsaye yana kare abincina!

Ranar Juma'a ni na goya shi a babur ya je ya yi rajista. Har yau ba a kira sunana ba, kuma ina son karatun nan kamar da. Amma yanzu in Luka ya dawo daga makaranta, ni ke fara tambayarsa abin da aka koya musu.

Na gode wa Ubangiji da ya warkar da ni. In akwai wanda ke zaune a nan da ambulan ɗin wani a ƙasan akwatinsa, ka dogara ga Yesu, ka fito da shi tun Juma'a ba ta wuce ba. Amin.