Ruwan Bayan Magariba

Kubra: Alo? Wa ke magana?

Gyang: Mama, Gyang ne, daga Zariya. Ina wuni?

Kubra: Gyang na ofis ɗin Malam! Lafiya lau. Ya aiki? Ya Suzana da yara?

Gyang: Duk lafiya. Ya ƙarin haƙuri?

Kubra: Da godiya. Ɗaga murya, layin na ƙara. A kantin Emenike nake, shi ya aika aka kira ni.

Gyang: Kan awon ruwan sama ne, wanda marigayi Malam Datti ya yi a Gada Biyu. An huda shi a kati, ina haɗa shi da na filin jirgi a kwamfuta.

Kubra: A me?

Gyang: Kwamfuta! Na'urar lissafi. Su filin jirgi da agogon Landan suke rubutawa. Na rubuta wa na'urar umarni ta ƙara awa ɗaya, ya daidaita. Na Malam ne ya ƙi. Ruwan da suka gani ran Alhamis, shi Juma'a ya sa. Oga ya ce in cire nasa duka.

Kubra: A cire? Mutumin da ko zazzaɓi yake sai ya fita ya duba gwangwanin awon nan?

Gyang: Shi ya sa na kira, Mama. Gobe zan miƙa aikin.

Kubra: Awon safe ne ko na yamma?

Gyang: Bari in duba... Na yamma ne duka.

Kubra: To ai shi da an kira magariba, an shiga gobe ke nan. Haka yake ƙirga kwana. Ni ke riƙe masa fitila.

Gyang: Kai! Sai in ce wa na'urar duk awon bayan magariba ta mayar da shi baya kwana ɗaya. Katin umarni biyu kawai zan huda.

Kubra: Ba za a cire ba?

Gyang: Ko ɗaya.

Kubra: Sunansa zai fito?

Gyang: Lamba kawai, Mama. Tasha ta uku.

Kubra: To. Gwangwanin na nan bayan ɗaki. Kullum ina zubar da ruwan, ban iya karatun ma'aunin ba.

Gyang: Allah sarki. To shi ke nan, ba zan ƙara sa a taso ki ba.

Kubra: Ba wahala ba ce, gidan ba kowa. Ba wata tambaya? Na bara fa, ka duba? Akwai ranar da ƙanƙara ta sauka, shi da ni muka... Gyang? Alo?