Shekarar da Aka Rushe Silima

A bencin tashar mota, wata dattijuwa ta leƙa tsohon hoton da ke hannun wani matashi.

"Laa! Tsohuwar silima!"

"Mama, kin san ta? Tarihin gine-gine nake bincike, na rasa shekarar da aka rushe ta."

"Na san ta mana! Ga ni nan a bakin ƙofa, 'yar siririya! Mai hular nan kuwa saurayina ne, maƙaryacin banza."

"Mama... babana ne fa."

Ta tuntsire da dariya har da tafi.

"Ashe saura ƙiris in haife ka! To je ka tambayi uwarka shekarar aurenta. Ana rushe silimar ya tsere wurinta!"