Ruwan Lausu

A tashar Rano, wani dattijo ya ƙura ido ga akwatin da matar kusa da shi ta rungume.

"'Yata, rediyo ce?"

"A'a Baba, na'urar gano ruwan ƙarƙashin ƙasa ce. Digirin digirgir nake yi a fiziks. Shekara uku ina auna ƙasar Lausu, sai jiya ta nuna wuri ɗaya."

"Gindin surin nan na bayan makabarta?"

"Ikon Allah! Wa ya gaya muku?"

"Rijiya talatin na haƙa. Gara ba ta gini inda babu danshi."

"Don Allah ku zo ku gaya wa farfesana! Cewa ya yi na'urata ta lalace."

"Zan zo. Amma in aka ba ki takardar digirin, ki ɓoye ta. Gara na da rabo a ciki, kuma ta iya cin takarda."