Takardar da Yaya Sabo Ya Cike Mana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Rukayya daga Tudun Wada, ɗalibar kwamfuta.

A kwas ɗin haɗa manhaja an raba mu uku-uku. Saboda Yaya Sabo ya girme mu, muka ji nauyinsa muka ba shi shugabanci. Wallahi ko layi ɗaya bai rubuta ba! Ni da Hadiza muka sha wahalar, amma maki ɗaya aka ba mu.

Da takardar jin ra'ayin ɗalibai ta zo, sai malami ya ce shugabanni su cike. Yaya Sabo ya rubuta: "Alhamdulillahi, mun yi aiki tare."

Tare da wa?

Masu sauraro, in fasa ƙwai gaban malami, ko in ci gaba da ce masa Yaya?