Sunan da Maigidana Ya Zaɓa wa Ɗanmu

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Talatu daga Nasarawo, Gombe.

Da na haihu, maigidana ya ce sunan wani waliyyi za a sa wa yaron ranar baftisma, wani bishop, wato babban limamin coci, na Arewacin Afirka a farkon zamanin ikilisiya. A zumuntar mata aka fara ba mu tarihinsa. Wai yana saurayi ya saci 'ya'yan itacen maƙwabci ya watsa wa aladu, ya kuma ajiye mace ba aure har da ɗa. Nan jaririna ya fashe da kuka, na fita ban ji ƙarshen ba.

Hankalina ya tashi, don an ce suna linzami ne. Na ce wa maigida ba da ɗana ba. Muka daina magana.

Sai surukata ta zo daga Kwadon. Ta ji ni, ta yi dariya, ta ce, "'Yata, rabin labari kika ɗauko. Uwar waliyyin nan ta yi shekaru tana kuka tana addu'a, har ta bi shi ƙetaren teku. Ya tuba, ya zama babban malami, littattafansa har yau ana karantawa."

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce, "Mama, idan nawa ya fara da aladun fa?"

Ta ce, "Sai ki tanadi gwiwoyinki don addu'a."

An yi baftisma lafiya, aka sa wa yaron sunan da maigida ya zaɓa. Ina gaida matan zumuntarmu. Ku riƙa zama har a gama labari.