Mai Gyaran Salansa da Babur Marar Ƙara

A bencin tashar mota, wata dattijuwa ta dubi baƙaƙen hannayen mutumin da ke gefenta.

"Malam, makanike ne kai?"

"Salansar babur nake gyarawa, Hajiya. Amma tun da aka ce hayaƙi ne ke ɗumama duniya, kowa ya koma babur mai caji. Shi kuwa ba hayaƙi, ba salansa. Sai in wuni ban taɓa ƙarfe ba."

"Ai autana ma shi ya saya, ya huta da tsadar mai. Ni ba zan zagi abin ba, ambaliyar bara rabin gidanmu ta ci."

"To ku kun ci riba, ni aka bari da hamma."

"Wace riba? Da tun daga bakin layi nake jin tsohon babur ɗinsa yana tari, in san yaron nan ya dawo lafiya. Wannan kuwa shiru kamar ɓarawo. Kullum ina bakin taga, wuyana har ya ƙage."

Mutumin ya yi dariya har da buga cinya.

"Ba abin dariya ba ne. Ba ka iya sa masa wani abu ya riƙa yin ƙara?"

"Hajiya, tun ina saurayi aikina kashe ƙara. Ke ce ta farko da ta zo neman ta."

"Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

"Turo shi gobe. Zan ɗaura masa gwangwanin da har maƙwabta sai sun kawo miki ƙara."